Yadda ake neman gurbin karatun digiri na biyu a jami'o'in Najeriya

Yawancin masu son yin mastas sai sun ji an ce fom ya fito sannan suke tashi tsaye, alhali a lokacin an riga an makara da rabin aikin. Cike fom ɗin bai wuce aikin yini guda ba, wani lokaci ma sa'a biyu a gaban kwamfuta sun wadatar. Abubuwan da suke kayar da mutane suna can baya: takardar sakamako da ba ta iso ba, kos da aka zaɓa ba tare da an tambayi kowa ba, suna da ya bambanta daga wannan takarda zuwa waccan. Duk waɗannan watanni suke ci kafin su gyaru. Saboda haka a nan za mu bi aikin ne yadda ya kamata a yi shi, fom ɗin kuma sai can tsakiya za mu iso gare shi.

Ka fara sanin cewa babu ruwan hukumar JAMB da wannan matakin. Kowace jami'a tana da makarantarta ta karatun gaba da digirin farko, ita ce take fitar da talla, ta sayar da fom, ta tattara takardu. Amma ba ita take zaɓar ɗalibai ba. Tana aika fayilolin zuwa sassa, kwamitin kowane sashe ya zauna ya tace, ya mayar mata da sunayen waɗanda ya amince da su. Haka abin yake a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da sauransu. Wanda ya gane wannan ya san inda zai fi zuba ƙarfinsa.

Duba inda takardunka za su iya kai ka

Ɗauko sakamakon digirinka ka dubi makin ƙarshe, wato CGPA. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'inmu suke bi, daga 4.50 zuwa sama shi ne matakin farko, daga 3.50 zuwa 4.49 shi ne 2:1, daga 2.40 zuwa 3.49 shi ne 2:2, daga 1.50 zuwa 2.39 kuma mataki na uku. A rubuce, mafi ƙarancin abin da ake karɓa a digiri na biyu shi ne 2:2. Sai dai 2:2 faɗi gare ta. Mai 2.45 da mai 3.40 duk suna ɗaya suke amsawa, amma sassa da yawa ba sa duba wanda bai kai 3.00 ba idan mastas na bincike yake nema. A kwasa-kwasan da ake rububi kuwa, masu 2:1 kaɗai suna iya cike guraben kafin a zo kan kowa.

Idan mataki na uku gare ka, ko babbar difloma ta HND, hanyarka ita ce diflomar gaba da digiri, PGD, wadda galibi zango biyu ce. Kada ka raina ta. Sakamako mai kyau a PGD yana buɗe ƙofar mastas, kuma malaman da za su zauna a kan fayil ɗinka baɗi su ne suka koyar da kai bana. Haka ma wanda yake son sauya fanni: mai digirin Kimiyyar Sinadarai da yake son mastas a fannin Ilimi sai ya bi ta PGDE, wato PGD ta fannin Ilimi, tukuna.

Sannan sakamakon sakandare. Mutane suna mantawa da shi don sun ga sun wuce wurin, amma ana dubawa: kiredit biyar, har da Turanci, kuma a yawancin kwasa-kwasai har da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO ko NABTEB. Akwai waɗanda suka shiga jami'a a zamanin da ake ɗaga ƙafa a kan Lissafi ko Turanci, suka gama lafiya, sai ga shi a wajen neman mastas an dawo musu da maganar. In kana cikinsu, yi rajistar jarabawar masu zaman kansu tun yanzu ka cike giɓin.

Takardar NYSC ma dole ce ga ɗan Najeriya. Ko dai ta kammala hidimar ƙasa, ko ta yafewa da ake ba wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama digiri, ko wasiƙar cirewa da ake ba waɗanda suka yi karatun wucin gadi ko karatu daga nesa. Wanda yake cikin hidimar a yanzu ya karanta tallar da kyau, domin ana so a ga takardar a hannu ranar tantancewa.

Wanda ya yi digirinsa a waje, ko Sudan ko Masar ko Indiya ko Nijar, yana da ƙarin mataki: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ita take tantance takardun ƙasashen waje ta ba da wasiƙar daidaito. Tun bayan da gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a watan Janairun 2024 ake ƙara sa ido a kan wannan. Takardun da suke cikin Larabci ko Faransanci kuma sai an haɗa su da fassarar Turanci mai hatimi.

Wane mastas ɗin?

Nan ne ake yin kuskuren da ya fi tsada, domin sai bayan shekara biyu ake gane shi. Digiri na biyu iri biyu ne. Akwai na bincike, irin su M.Sc. da M.A. da M.Ed. da M.Eng. da LL.M., wanda ake yin darussa zango biyu sannan a shiga rubuta kundi, a kare shi a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, irin su MBA da MPA, wanda darussa ne suka fi yawa, galibi da yamma ko a ƙarshen mako, kuɗinsa ya fi yawa, amma an fi gama shi a kan lokaci.

Idan burinka koyarwa a jami'a ne ko digiri na uku, na bincike za ka nema. Mastas na ƙwarewar aiki a mafi yawan jami'o'i ba ya kai mutum digiri na uku kai tsaye. Sai a ce ya koma ya yi na bincike ko ya bi ta M.Phil., wani digirin bincike da ke tsakanin mastas da digiri na uku. Idan kuwa ma'aikacin banki ne kai ko na gwamnati, abin da kake so ƙarin girma ne da sanin aiki, kuma ba ka da halin zuwa aji ranar Talata da hantsi, to na ƙwarewar aiki ya fi dacewa da kai, kuma babu abin kunya a ciki. Wanda aiki ba zai bar shi ya motsa ba sam yana da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da Cibiyar Karatu Daga Nesa ta ABU.

Kafin ka yanke shawara, taka ka je sashen da ƙafarka. Kowane sashe yana da malamin da yake kula da ɗaliban gaba da digiri, kwadineta. Ka nemi ganinsa a lokacin ofis, ka gaishe shi, ka gabatar da kanka a taƙaice, ka nuna masa kwafin sakamakonka. Tambayoyin da za ka yi ba su da yawa: shin za a ɗauki ɗalibai a wannan kos ɗin bana? Da irin wannan sakamakon ana duba mutum? Akwai malamin da yake aiki a ɓangaren da nake sha'awa? Tambayar farko tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kos yana iya fitowa a talla alhali sashen ya cika da tsofaffin ɗaliban da ba su gama ba, malaman da za su duba kundi kuma ba su da sarari. In ka fito daga ofishinsa, nemi ɗaliban da suke ciki ka tambaye su shekara nawa waɗanda suka gabace su suka yi kafin su kare kundi. A takarda wata 18 zuwa 24 ne. Amsar da za su ba ka ita ce ta gaskiya. Ka kuma tuna yajin aikin ASUU ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, shi ya sa kalandar jami'o'in gwamnati ba ta tafiya tare. Wata tana sayar da fom, wata tana tsakiyar zango.

Tiranskirif: fara shi kafin komai

Wannan ita ce takardar da take ɗauke da kowane darasi da ka yi tun daga aji ɗaya da makin da ka samu. Ita ce ta fi komai jan lokaci, kuma ba a hannunka take ba. Wadda ake karɓa ita ce ta hukuma, wadda tsohuwar jami'arka za ta aika kai tsaye zuwa makarantar da kake nema, a rufe da hatimi ko ta hanyar intanet tsakanin ofis da ofis. Kwafin ɗalibi da ake ba ka a hannu na amfaninka ne kawai.

Tun kafin talla ta fito, je ofishin jarabawa da adana sakamako na tsohuwar jami'arka, ko shafinsu idan ta intanet suke yi, ka nemi kwafin ɗalibi. Dalilin shi ne ka ga abin da ke cikin fayil ɗinka da idonka. A nan ne ake gano cewa sakamakon wani darasi na aji biyu bai shiga ba, ko darasin da ka maimaita ka ci har yanzu faɗuwa ce a rubuce, ko makin ƙarshe bai yi daidai da na satifiket ba. Gyaran irin wannan sai an koma sashe an tono tsofaffin takardu, in malamin ya yi ritaya ko ya sauya wurin aiki kuwa abin ya ƙara tsawo. Wanda ya gama shekara goma da suka wuce, lokacin da komai a takarda yake, ya fi kowa buƙatar farawa da wuri. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Da zarar ka sayi fom ka samu lambar nema, sai ka biya kuɗin ta hukuma. Rubuta adireshin da aka bayar a talla harafi da harafi, galibi zuwa ga sakataren makarantar karatun gaba da digiri ne, ka kuma roƙi a sa lambar nemanka da sunan kos a jikin wasiƙar. Ajiye rasit. Karɓi lambar aikawa idan ta kamfanin kai saƙo aka tura. Bayan mako biyu ko uku ka je inda aka aika ka tambaya ko ta iso, in ta iso ka tabbatar an sa ta cikin fayil ɗinka. Isowa daban, shiga fayil daban. Takardu da yawa suna kwance a ofis ɗin da ya dace, cikin tarin da bai dace ba, mai su yana gida yana jiran suna. Ko a jami'ar da ka gama kake neman mastas ɗin, kada ka ɗauka za ta tafi da kanta daga wannan ofis zuwa wancan. Sai ka nema ka biya.

Suna da ranar haihuwa

Shimfiɗa takardunka duka a tabarma ka karanta sunan da ke kan kowace: ta firamare, ta sakandare, digiri, NYSC, katin NIN, takardar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma. A wajenmu wannan matsala ruwan dare ce. Muhammad a nan, Mohammed a can. Wata takardar da sunan gari a ƙarshe, wata babu. Abubakar ya koma Garba ko Habu. Idan bambancin ya wuce na tsarin jeri, je kotu ka yi takardar rantsuwa, in sauyin suna ne gaba ɗaya a haɗa da sanarwa a jarida. Ke kuma da kika koma amfani da sunan miji bayan aure, cike fom ɗin da sunan da ke kan digirinki ya fi sauƙi, sai dai in kin riga kin yi sauyin a hukumance kina da shaidarsa.

Masu ba da shaida

Ana neman mutum biyu ko uku, kuma a fi son malaman da suka koyar da kai. Wanda ya duba kundinka na digirin farko shi ne na gaba. Sarkin garinku ko ɗan majalisarku ba zai ƙara maka komai a nan ba, domin tambayar da ake yi ita ce ko za ka iya karatun. Kada ka sa sunan malami ba tare da ka faɗa masa ba. Kira shi ko ka je, ka tuna masa shekarar da ka gama da taken kundinka, ka ba shi takardar tarihin karatu da aikinka, ka karɓi adireshin imel ɗin da yake buɗewa da gaske. Jami'o'i da dama yanzu saƙo suke tura wa mai shaidar ya cike ta intanet, in bai cike ba fom ɗinka bai kammala ba. Tunatarwa cikin ladabi bayan mako guda ba laifi ba ce.

Sai fom ɗin

Talla tana fitowa a shafin jami'ar da kuma jaridu. Shafin gaskiya galibi yana ƙarewa da edu.ng. Ka buga adireshin da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo a WhatsApp, domin duk shekara sai an buɗe shafukan bogi masu kama da na gaske. Karanta tallar har ƙarshe, musamman sharuɗɗan sashenka, don sukan ɗara na jami'a gaba ɗaya.

Buɗe asusu da imel ɗinka da lambar wayarka. Idan a shagon intanet za a cike maka, zauna kusa da mai bugawar, kada ka bar shi ya sa nasa imel ɗin don sauri. Ta nan za a aiko da ranar jarabawa da wasiƙar gurbi. Rubuta kalmar sirrin a wuri mai aminci. Jami'o'in tarayya ta manhajar biyan kuɗi ta Remita suke karɓar kuɗi: shafin zai fitar maka da lambar biya da ake kira RRR, ka biya da kati ko a banki, ka koma shafin ka tabbatar biyan ya shiga. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom ko na "taimako" cikin asusunsa na kansa, ka san abin da yake nema.

Ka tanadi hotunan takardunka tun da wuri, masu fitowa sarai, kowanne bai wuce girman da shafin ya ƙayyade ba, da hoton fasfo na kwanan nan. Kafin ka danna maɓallin miƙawa, sake karanta sunan kos da na sashe da tsarin karatun, cikakken lokaci ne ko na wucin gadi. Bayan miƙawa gyara yana da wuya, wani wurin ma sai sabon fom. Buga kwafi biyu. Wasu jami'o'in suna so a kai ɗaya da hannu tare da kwafin takardu. Kada kuma ka jira makon ƙarshe, lokacin da kowa ya hau shafin ya yi nauyi.

In da hali ka nemi jami'a biyu. Kuɗin fom biyu da tiranskirif biyu bai kai asarar shekara guda ba.

Jarabawar tantancewa da shawarar bincike

Sassa da yawa suna yin jarabawa ko ganawa ko duka biyun. Tambayoyin daga ginshiƙan darussan aji uku da aji huɗu suke fitowa, tare da dabarun bincike, a wasu fannonin da ɗan ƙididdiga. Tono tsofaffin littattafanka. A ganawa kusan tabbas za a tambaye ka abin da ka rubuta a kundin digirin farko da abin da kake son bincikawa yanzu. "Duk abin da aka ba ni" amsa ce mai kashe gwiwar malamai.

Mai neman digiri na uku, wani lokaci har da mai neman mastas, za a ce ya kawo taƙaitacciyar shawarar bincike. Shi mai neman digiri na uku galibi ana so makinsa na mastas ya kai 3.50, wasu sassan 4.00. A shawarar binciken, shafi kaɗan sun isa idan sun amsa abu huɗu: mece ce matsalar, me aka riga aka rubuta a kanta, me ya rage, kuma ta yaya za ka tattara bayanai da kuɗin da lokacin da kake da su. Ƙuntata batun. "Matsalolin noma a Arewa" ba take ba ne, fanni ne sukutum. "Yadda manoman tumatir na Kadawa suke adana amfaninsu a lokacin da kasuwa ta cika" abu ne da mutum ɗaya zai iya gamawa. Ka kuma daidaita batun da abin da sashen yake da ƙarfi a kai. Mai sha'awar noman yankuna masu ƙarancin ruwa, alal misali, zai sami abokan aiki a Cibiyar Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero. Kada ka kwafo daga intanet ko ka saya a shago. Ana sa rubutu a manhajar gano satar fasaha irin su Turnitin, kuma ko ba ita, tambaya biyu a ganawa sun isa su nuna wanda bai rubuta abin da ya kawo ba.

Idan suna ya fito

Sunaye sukan fito kashi-kashi, don haka rashin ganin naka a jerin farko ba ƙarshen magana ba ne. Ci gaba da duba asusunka. In ya fito, buga wasiƙar, biya kuɗin amsa tayi cikin wa'adin da aka sa, sannan ka je tantancewa da takardunka na asali duka. Gurbin na wucin gadi ne har sai an ga asalin takardun kuma tiranskirif tana cikin fayil. Bayan nan ne za a buɗe maka biyan kuɗin makaranta da rajistar darussa.

Ma'aikaci yana buƙatar takardar sakin aiki ko izinin karatu daga wurin aikinsa, kuma neman wannan ma yana bin matakai, don haka a shigar da shi tun ranar da aka sayi fom. Wanda ya tafi karatu ba da izini ba yana iya gamawa a ƙi amincewa da digirin wajen ƙarin girma. Malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha na gwamnati suna iya neman tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantarsu. Masu fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas su riƙa duba tallar PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, sauran kuma su leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharsu. A lissafin kuɗi kada a tsaya a kan na rajista: akwai sufuri, da masauki, da buga kundi sau da yawa, da kuɗin zuwa tattara bayanai ko sayen kayan gwaji, kuma shekara ta biyu ta fi ta farko cin kuɗi.

Idan wani uzuri ya taso, rashin lafiya ko haihuwa ko rashin kuɗi, ana iya ɗage gurbin zuwa shekara mai zuwa. A yawancin jami'o'i sai an amsa tayin, a wasu ma sai an yi rajista, sannan a rubuta takardar neman ɗagewa ta hannun shugaban sashe zuwa ga shugaban makarantar karatun gaba da digiri. Jira amsa a rubuce ka ajiye kwafinta. Wanda ya yi shiru bai zo ba kuma bai rubuta ba, gurbinsa ya tafi, baɗi sai ya sake sayen fom ya sake aiko da tiranskirif.